Haɗa teburin gasar ƙwallo a Excel ko Google Sheets: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga masu shirya gasar unguwa, da masu gidajen kallo, da kuma mutanen da kawai suke son riƙe lissafin Firimiyar Ingila ko gasar Najeriya da hannunsu. Fomulolin da ke ciki suna aiki a Excel da Google Sheets duka, sai dai inda na faɗi akasin haka.

Teburin Firimiya yana ko'ina a intanet. Me zai sa in wahalar da kaina?

Idan Firimiya kaɗai kake bi, kuma abin da kake so shi ne sanin wa ke saman teburi, ba ka da buƙatar wannan aiki. Amma gasar cin kofin unguwa, ko ta makarantun sakandare, ko ta 'yan kasuwa da ake bugawa bayan la'asar, babu wanda zai haɗa maka teburinta. Ko a manyan gasanni ma akwai tambayoyin da teburin da ake wallafawa ba ya amsawa. Maki nawa Kano Pillars ta samo a waje a zagayen farko? Ƙwallo nawa aka zura wa El-Kanemi Warriors a Maiduguri? Wanda yake da sakamakon wasanni a jere a shafinsa, minti ɗaya ya ishe shi ya ciro amsa.

Sai ina da kwamfuta?

A'a. Google Sheets kyauta ne, yana aiki a waya, kuma ana iya saita fayil ya riƙa buɗewa ko babu data. Akwai Excel na waya, akwai WPS Office, a kwamfuta kuma LibreOffice kyauta ne. Sai dai rubuta doguwar fomula da babban yatsa a kan gilashin waya aiki ne mai cin rai. Shawarata ka samu kwamfuta ta yini ɗaya, ko a shagon buga takardu ne, ka gina fayil ɗin, daga nan shigar da sakamako duk mako a waya ba wani abu ba ne.

Ta ina zan fara? In zana teburi in riƙa ƙara maki duk mako?

Wannan ita ce hanyar da kusan kowa yake fara bi, kuma ita ce take rusa aikin. Mutum ya zana teburi, ƙungiya ta ci wasa, ya goge 14 ya rubuta 17, ya goge ƙwallaye 11 ya rubuta 13. Ranar da ya manta ko ya ƙara sau biyu, babu wata shaida da za ta nuna inda aka kauce, domin tsohuwar lambar ta tafi. Sai a mako na goma sha biyar wani kocin ya zo da littafinsa ya ce makinsa 24 ne ba 21 ba, a rasa mai gaskiya.

Hannunka sakamako kaɗai zai rubuta, sau ɗaya, a wuri ɗaya. Duk sauran lambobi fomula ce za ta fitar da su.

Ka buɗe shafuka uku a cikin fayil ɗaya. Na farko ka sa masa suna Sakamako. Kowane wasa layin kwance guda ne, layukan tsaye kuma haka: A kwanan wata, B mako na nawa, C mai gida, D ƙwallayen mai gida, E ƙwallayen baƙo, F baƙo, G makin mai gida, H makin baƙo, I bayani. Shafi na biyu Lissafi, inda sunayen ƙungiyoyi suke a jere bisa haruffa, ba sa motsi har ƙarshen kaka. Na uku Teburi, shi ne wanda jama'a za su gani.

Idan jadawalin wasanni ya fito tun farko, ka zuba shi gaba ɗaya ka bar D da E babu komai. Yawan layukan da za ka samu a gasar gida da waje shi ne yawan ƙungiyoyi sau yawan ƙungiyoyi ban da ɗaya. Ƙungiyoyi 20 irin na Firimiya wasanni 380 ke nan, 18 irin na Bundesliga 306, gasar unguwa mai ƙungiyoyi 10 kuma 90.

Na rubuta 2-1 sai ya koma kwanan wata. Me ya faru?

Manhajar ta ɗauka kana nufin 2 ga Janairu ko 1 ga Fabrairu. Abin haushin shi ne 0-3 da 0-0 za su zauna yadda ka rubuta su tunda babu wata mai lamba sifili, sai ka ga rabin layin daidai, rabi kwanan wata. Ko da ka tilasta masa ya bar 2-1 a matsayin rubutu, ba za a iya tara shi ba. Shi ya sa ƙwallayen mai gida suke da akwatinsu, na baƙo suke da nasu.

To wace fomula ce take ba da maki?

A akwatin G2 na shafin Sakamako:

=IF(D2="","",IF(D2>E2,3,IF(D2=E2,1,0)))

A H2 kuma irinta ce, sai dai ka juya alamar ta zama E2>D2. Ka ja su ƙasa har layin ƙarshe.

Kada ka raina ɓangaren farko, wato D2="". Shi ne yake cewa idan ba a buga wasa ba a bar wurin fayau. In ka cire shi, manhajar za ta ga akwati biyu babu komai, ta ce ai daidai suke, ta raba wa kowa maki ɗaya. Akwai masu buɗe fayil ranar farko su tarar kowace ƙungiya ta yi canjaras 38 tun ba a take leda ba, nan matsalar take.

A shafin Lissafi, sunan ƙungiya yana A. Yawan nasara a C2:

=COUNTIFS(Sakamako!C:C,A2,Sakamako!G:G,3)+COUNTIFS(Sakamako!F:F,A2,Sakamako!H:H,3)

Ma'anarta, ƙirga inda ƙungiyar take gida ta samu 3, ka haɗa da inda take baƙunta ta samu 3. Canjaras a D2, ka mayar da 3 ya zama 1. Rashin nasara a E2, ka mayar da shi 0. Wasannin da ta buga a B2, jimlar ukun ne. Ƙwallayen da ta ci a F2:

=SUMIF(Sakamako!C:C,A2,Sakamako!D:D)+SUMIF(Sakamako!F:F,A2,Sakamako!E:E)

Waɗanda aka zura mata a G2, ka musanya D da E. Bambancin ƙwallaye a H2 shi ne F2-G2. Layin I ka ware shi don makin da hukuma ta zare, za mu zo kansa. Maki a J2:

=C2*3+D2-I2

Ka gwada da lambobin da kowa ya sani. Arsenal a kakar 2003/2004 ta ci 26, ta yi canjaras 12, ba a doke ta ba: 78 da 12, maki 90. Leicester City a 2015/2016 ta ci 23, canjaras 12, maki 81. In fomularka ta ba da haka, tana kan hanya.

Wanda yake son shigar da tsofaffin kakanni ya kula: maki uku ga wanda ya ci a 1981 aka fara shi a Ingila, kuma sai a 1994 ya shiga Kofin Duniya. Kafin nan maki biyu ne. Gara ka ajiye lambar 3 a wani akwati na daban da fomula za ta riƙa dubawa, ranar da ka koma tsohon zamani sai ka canza wuri ɗaya.

Ni a Maraɗi nake, Excel ɗina da Faransanci yake, fomulolin nan sun ƙi shiga.

Sunayen ne suka bambanta. IF shi ne SI, SUMIF shi ne SOMME.SI, COUNTIFS shi ne NB.SI.ENS, RANK shi ne RANG, MATCH kuma EQUIV. Sannan duk inda na sa waƙafi a cikin fomula, kai waƙafi mai ɗigo za ka sa, wato ;. Idan wani ya turo maka fayil da ya gina da Turanci, kada ka damu, yana buɗewa za ka ga sunayen sun juye da kansu.

Wata ƙungiya ta buga wasa shida amma teburi yana nuna biyar.

Kusan kullum rubutun suna ne. A wani layi an rubuta Niger Tornadoes, a wani Tornadoes kawai, ko kuma an bar tazara a ƙarshen sunan wadda ido ba ya gani. Ga manhaja, waɗannan ƙungiyoyi ne daban-daban. Maganin shi ne ka daina rubuta suna da hannu. Ka zaɓi layukan C da F, ka shiga Data, ka zaɓi Data validation, ka nuna masa jerin sunayen da ke shafin Lissafi. Daga nan sai dai ka taɓa akwati ka zaɓi suna. A waya ma wannan ya fi sauri.

Ta yaya teburi zai riƙa jera kansa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe?

A Google Sheets layi ɗaya ne, ka sa shi a shafin Teburi:

=SORT(Lissafi!A2:J21,10,FALSE,8,FALSE,6,FALSE)

Ya jera da layi na 10, maki, in an yi daidai ya duba na 8, bambancin ƙwallaye, sannan na 6, ƙwallayen da aka ci. Excel na 2021 da na 365 suna da SORTBY mai yin irin wannan aiki. Amma kwamfutoci da yawa a wurarenmu tsohon Excel ne a kansu, don haka ga hanyar da take aiki a kowanne. A K2 na Lissafi ka dunƙule komai ya zama lamba ɗaya:

=J2*1000000+H2*1000+F2-ROW()/1000

A L2:

=RANK(K2,$K$2:$K$21)

Alamar dala tana hana iyakar jerin zamewa idan ka ja fomular ƙasa. Ɗan guntun ROW()/1000 kuma yana hana ƙungiyoyi biyu samun matsayi ɗaya, domin in suka samu, shafin Teburi zai cika da #N/A, musamman a makon farko da kowa yake da sifili. A Teburi ka rubuta 1 zuwa 20 a layin A, a B2 kuma:

=INDEX(Lissafi!A:A,MATCH(A2,Lissafi!L:L,0))

Sauran layukan haka za ka ɗauko su, kana canza A:A zuwa layin da kake so.

Idan maki ya zo ɗaya, ba bambancin ƙwallaye ake dubawa ba?

Nan ne ya kamata a zauna, domin duk rigimar da ake yi a kan teburi daga nan take tasowa, kuma babu fomular da za ta yi maka wannan hukunci. Kowace gasa da dokarta.

A Ingila bambancin ƙwallaye ake fara dubawa. Kakar 2011/2012 Manchester City da Manchester United kowacce ta gama da maki 89. City tana da rarar ƙwallo 64, United 56, kofi ya tafi Etihad. Shi ya sa ƙwallon da Aguero ya ci QPR a ƙarin lokaci ranar 13 ga Mayu 2012 ya wadatar: maki kawai City take nema ta kamo, ƙwallaye tuni suna hannunta. A 1988/1989 abin ya fi haka tsanani. Arsenal ta je Anfield a wasan ƙarshe ta ci Liverpool 2-0, suka yi daidai a maki 76, suka yi daidai a rarar ƙwallo 37, sai da aka gangara zuwa yawan ƙwallayen da aka ci. Arsenal 73, Liverpool 65. Fomular da na bayar a sama irin wannan tsari take bi.

Yanzu ka ɗauki wannan fomula ka zuba mata La Liga ta 2006/2007. Real Madrid da Barcelona kowacce maki 76. Barcelona rarar ƙwallo 45, Madrid 26. Shafinka zai ɗora Barcelona a sama, ya ba ta kofin da ba ta ci ba. A Sifaniya abin da ya faru tsakanin ƙungiyoyin biyu ake fara dubawa: Madrid ta ci 2-0 a Bernabeu, aka tashi 3-3 a Camp Nou, don haka Madrid ce zakara. Italiya ma karawar juna take sa wa gaba, haka wasannin rukuni na gasar cin kofin nahiyar Afirka.

Akwai kuma ranar da duk waɗannan suka ƙare. Kofin Duniya na 2018 a Rasha, Senegal da Japan: maki 4 kowacce, bambancin ƙwallaye daidai, ƙwallayen da suka ci daidai, wasansu kuma 2-2 aka tashi. Katin gargaɗi ne ya raba su. Senegal tana da shida, Japan huɗu, Senegal ta dawo gida. Wanda bai riƙa rubuta kati ba tun wasan farko, a irin wannan rana ba shi da abin cewa.

Ga mai shirya gasar unguwa, ma'anar wannan ita ce a rubuta dokar raba gardama a takarda kafin wasan farko, kowane shugaban ƙungiya ya sa hannu, a kuma kwafe ta a saman shafin Lissafi. Mene ne na farko, mene ne na biyu, har zuwa ƙuri'a ko wasan raba gardama. Idan aka bari sai an kai makon ƙarshe, kowa dokar da ta fi masa zai kawo, mai kallon La Liga ya kawo ta Sifaniya, mai kallon Firimiya ya kawo ta Ingila, kuma kowannensu yana da hujja. Ni a ƙaramar gasa na fi son karawar juna, saboda bambancin ƙwallaye yana buɗe ƙofar a haɗa baki da ƙungiyar da ta riga ta fita a zura mata goma sha biyu a wasan ƙarshe. Amma ko wacce aka zaɓa, a zaɓe ta da wuri.

To yaya zan sa karawar juna a cikin fomula?

Ana iya yi, amma fomular tana da tsawo, kuma idan ƙungiyoyi uku suka haɗu a maki ɗaya takan rikice. Hanya mai sauƙi: ka ƙara layin M a Lissafi, ka bar shi sifili ga kowa. Idan biyu ko uku suka yi daidai a maki, ka tace shafin Sakamako ya nuna wasanninsu kaɗai, ka yi lissafin da biro, wadda ta fi ka ba ta 2, mai bi mata 1. A fomular K2 sai ka ƙara sifili ɗaya a kan miliyan ɗin maki, ka kuma saka +M2*1000000. Ka tuna ka mayar da M sifili idan makinsu ya rabu. A tsakiyar kaka ma ba sai ka damu ba, tunda sai sun kara gida da waje hukuncin yake cika.

An zare wa ƙungiya maki. In rage daga jimlarta?

Kada ka taɓa jimla, ka rubuta a layin I, ka kuma sa dalili da kwanan wata a gefe. Irin wannan hukunci yana canzawa. Everton a kakar 2023/2024 an zare mata 10, ta ɗaukaka ƙara aka mayar 6, daga baya aka sake zare 2, ya zama 8. Nottingham Forest an zare mata 4 a kakar. Juventus a 2022/2023 an zare 15, aka mayar mata, aka dawo aka zare 10. Wanda ya goge fomula ya rubuta lamba da hannu sau uku, zuwa na ukun ya manta asalin makin.

A gasar Najeriya akan haɗa da ƙwallaye, a ce an zare maki uku da ƙwallo uku. Idan ita kake bi, sai ka ƙara wani layin na ƙwallayen da aka zare, ka cire shi daga bambancin ƙwallaye. A teburin da za ka fitar kuma ka sa tauraro a gaban sunan ƙungiyar da bayani a ƙasa, in ba haka ba duk wanda ya ninka nasarorinta sau uku zai ce ka yi kuskure.

Ƙungiya ba ta zo fili ba, ko ta janye daga gasa fa?

Wadda ba ta zo ba, yawanci 3-0 ake ba abokiyar karawarta. Ka shigar da 3 da 0 kamar kowane wasa, ka rubuta a layin bayani cewa a tebur aka bayar. Janyewa ko kora ta fi wuya. A 2016 an kori Giwa FC ta Jos daga gasar Najeriya, aka soke sakamakon wasanninta, ƙungiyoyi 19 suka ƙarasa kakar. Duk wadda ta taɓa cin Giwa ta rasa makin nan. A shafin da aka gina yadda na bayyana, aikin minti biyar ne: ka tace wasannin ƙungiyar, ka kwafe sakamakon zuwa layin bayani don tarihi, ka share D da E. Teburi zai gyara kansa. Wanda yake tara maki da hannu kuwa sai ya bi ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Wasu suna da kwantan wasa. Yaya zan nuna ainihin wanda yake gaba?

Ka ƙara layin matsakaicin maki, wato maki a raba da yawan wasanni: =IF(B2=0,0,J2/B2). Ba ado ba ne kawai. Lokacin korona a 2020 da shi Faransa ta rufe gasarta aka ba PSG kofi. A Najeriya ma da shi aka rufe kakar 2019/2020, Plateau United ta zo ta ɗaya, aka kuma yi ta ce-ce-ku-ce a kan matsayi na biyu tsakanin Enyimba, wadda take da kwantan wasanni, da Rivers United. Ka bar lamba biyu ko uku bayan ɗigo su fito, domin 1.84 da 1.76 duk 1.8 za su nuna in ka taƙaita.

Ta yaya zan gane akwai kuskure kafin wani ya gano min?

A ƙasan shafin Lissafi ka tara kowane layi. Jimlar nasara dole ta yi daidai da jimlar rashin nasara. Ƙwallayen da aka ci dole su yi daidai da waɗanda aka zura, wato jimlar bambanci sifili, sai fa in an zare wa wata ƙwallaye. Jimlar canjaras dole ta rabu biyu ba saura. Jimlar wasanni kuma ninki biyu ce ta yawan layukan da ka cike a Sakamako. Ka sa akwati ɗaya ya zama ja idan ɗayansu ya karye. Abin da wannan ba zai kama ba shi ne idan ka juya sakamako, ka ba mai gida ƙwallayen baƙo. Wannan sai takardar alƙalin wasa, don haka a riƙa ɗaukar hotonta bayan kowane wasa.

Masu cin ƙwallo da kati fa?

Shafi na huɗu, kowace ƙwallo layi guda: lambar wasa, minti, ɗan wasa, ƙungiya, da irin ƙwallon, ko fenariti ce ko cin gida. COUNTIFS zai ƙirga maka sauran. Cin gida yana shiga lissafin ƙungiyar da ta amfana amma ba ya shiga na kowane ɗan wasa a jerin masu neman takalmin zinare.

Matsalarmu a nan suna ne. A gasa ɗaya za ka samu Abba huɗu da Sani biyar, rabinsu kuma da laƙabin wani ɗan wasan Turai aka san su, har alƙali ma da shi yake rubuta su. Ka ba kowane ɗan wasa lambar rajista tun farko, ka riƙa ƙirga da lambar. Kati ma haka, layi guda ga kowanne. A Firimiya katin gargaɗi biyar a cikin wasanni 19 na farko dakatarwar wasa ɗaya ne. Ko nawa ne a taku dokar, ka sa sunan ya canza launi idan saura kati ɗaya, ka sanar da koci kafin wasa. Ya fi a sa yaron da aka dakatar a fili, a zo ana ƙorafi bayan an tashi.

Yaya zan fitar da teburin ya yi kyau in zan tura wa mutane ko in manna a gidan kallo?

Ka rage kaya. Matsayi, suna, wasanni, nasara, canjaras, rashin nasara, bambanci, maki, sun isa. Sunaye a jingine hagu, lambobi a dama, maki da kauri. Don alamar tarawa ta fito a gaban rarar ƙwallaye, ka shiga wurin tsara lambobi ka rubuta +0;-0;0. Launi biyu sun wadatar, ɗaya ga masu haurawa, ɗaya ga masu faɗawa gasar 'yan dagaji, kuma ka zaɓi masu haske domin injin buga takarda na baƙi da fari yakan mayar da ja mai duhu baƙi ƙirin. A sama ka rubuta bayan mako na nawa ne da kwanan wata. Hoton teburi yakan yi sati uku yana yawo a wayoyi, mutane suna musu a kan abin da ya riga ya wuce.

Hoto ko PDF ya fi aminci. Idan ka kwafe teburin ka manna shi a matsayin rubutu a WhatsApp, layukan za su karkace domin faɗin haruffa ba ɗaya ba ne. In dole sai rubutu, ka daidaita tsawon sunaye da =LEFT(B2&REPT(" ",14),14), sannan ka sa alamar ``` a farkon saƙon da ƙarshensa, haruffan za su zama masu faɗi ɗaya. Fayil ɗin kansa kuwa kada ka raba shi da izinin gyara. Mutum ɗaya ko biyu su riƙa shigar da sakamako, sauran su kalla kawai, a kuma kulle akwatunan fomula. Google Sheets yana ajiye tarihin duk canjin da aka yi da wanda ya yi shi, ranar da aka zargi sakataren gasa da taɓa maki wannan tarihi ne zai wanke shi.

Ba zan iya sa shi ya riƙa ɗauko sakamako daga intanet da kansa ba?

Google Sheets yana da IMPORTHTML da yake jawo teburi daga shafin intanet. Yana aiki har ranar da masu shafin suka sauya tsarinsa, sai komai ya watse, kuma yana buƙatar data. Wasanni goma ne a mako. Rubuta su da hannu bai kai minti biyar ba.

Shafin zai iya gaya min wanda zai ci kofi ko wanda zai faɗi?

Zai iya gaya maka iyakar makin da kowace ƙungiya za ta iya kaiwa: makinta na yanzu, a haɗa da sauran wasanninta sau uku. Idan wannan lamba ta duk sauran ƙungiyoyi ta gaza makin ta ɗaya, an ci kofi, ko saura wasa nawa. Haka ake gane wadda ta riga ta faɗi. Wannan lissafi ne tabbatacce, kuma layi ɗaya ne: =J2+(38-B2)*3.

Hasashe kuwa wani abu ne daban. Ana yawan cewa maki 40 ya isa tsira a Firimiya, amma West Ham ta faɗi da 42 a 2002/2003, West Brom kuma ta tsira da 34 a 2004/2005. Leicester ta 14 ta gama a 2014/2015 da maki 41, shekara ɗaya bayan nan ta ɗauki kofi. Masu tambayar nan da niyyar caca, shafin ba zai ba su abin da suke nema ba.

Kaka ta ƙare. In share in fara sabuwa?

Ka kwafi fayil ɗin gaba ɗaya, ka sa wa tsohon sunan kakarsa, ka kulle shi, ka kuma ajiye PDF ɗin teburin ƙarshe a wani wuri daban da wayarka. A sabon, ka share A zuwa F da I na Sakamako, ka bar G da H, ka mayar da layin zare maki da na karawar juna sifili, ka cire sunayen waɗanda suka faɗi ka sa na waɗanda suka hauro. Idan yawan ƙungiyoyi ya canza, ka duba duk inda aka rubuta 21 da 38 a cikin fomuloli ka gyara.